Lokutan ftrace na mai masauki da na baƙo sun ƙi daidaita a KVM

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutocin wata ƙaramar cibiyar koyarwa a wani ƙauye kusa da Ringim, inda muke gudanar da Linux guda a cikin wata ta hanyar QEMU da KVM, manhajojin da ke ba da damar yin haka. Ta ciki ita ce baƙo, ta waje kuma mai masauki. Baƙon yakan tsaya cak na ɗan lokaci idan yana rubutu a faifai, shi ya sa na ɗauki bayanan ftrace (tsarin Linux da ke rubuta abin da ya faru da lokacinsa) a ɓangarorin biyu da manhajar trace-cmd, kowanne daban. Da na jera su, sai na ga baƙon ya fara aiki tun kafin kvm_entry, alamar cewa an miƙa wa baƙo aiki, ya bayyana a wurin mai masaukinsa, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Kayan binciken ne suka samu matsala, ko akwai abin da ya kamata in saita?

Injiniya a Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Kayanka lafiya lau suke, agogo ne ya raba su. Idan ba a canza ba, ftrace yana amfani da agogon local, wanda kowane kanel, wato zuciyar Linux, ke ƙirga nasa tun daga lokacin da ya tashi. Kana iya komawa agogon TSC, mai ƙirga bugun CPU, ta hanyar rubuta x86-tsc a cikin /sys/kernel/tracing/trace_clock a ɓangarorin biyu, amma ko da haka KVM yana ƙara wa baƙo wata tazara a kan ƙirgen TSC, wadda za ka gani a fayil ɗin tsc-offset na kowane vcpu (CPU ɗin baƙo) ƙarƙashin /sys/kernel/debug/kvm.

Ni dai ba na ba da shawarar yin wannan lissafi da hannu. Ka ƙara wa QEMU -device vhost-vsock-pci,guest-cid=3 don buɗe hanyar sadarwa tsakaninsu, inda 3 ita ce lambar baƙo tun da lamba 2 ta mai masauki ce, ka kunna trace-cmd agent a cikin baƙo, sannan a wurin mai masauki ka yi trace-cmd record tare da -A @3:823. trace-cmd zai daidaita agogunan da kansa, manhajar KernelShark kuma ta nuna maka bayanan a allo guda. Idan babu /dev/vhost-vsock, ka fara da modprobe vhost_vsock.

Malama a Kazaure:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ya shafe mu mutanen karkara. Idan batirin sola ya yi ƙasa da yamma, kwamfuta ta yi barci ta farka, KVM na iya gyara wannan tazarar, don haka adadin da aka karanta da safe ba abin dogaro ba ne. Ka hana ta barci muddin ana ɗaukar bayanai. Ka kuma duba layin overrun a /sys/kernel/tracing/per_cpu/cpu0/stats. Idan ya wuce sifili, an zubar da wasu bayanai, sai ka ƙara buffer_size_kb, wato girman ma'ajiyar bayanan.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka muku da alheri. Na bi hanyar agent, yanzu lokutan sun hau kan juna, kuma tsayawar tana farawa ne daidai bayan wani kvm_exit (dawowar aiki daga baƙo zuwa mai masauki), lokacin da QEMU ke jiran faifan mai masauki. Zan kunna bayanan block, wato na faifai, a wurin mai masauki in ga inda jinkirin yake.