Yaya Katolika suka yi shelar bangaskiya a lokacin kullen korona a Legas?

Ɗan Zonkwa, Agege:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Matasanmu sun nemi in yi musu bayani kan yadda Katolika suka riƙe bangaskiya suka kuma isar da ita ga wasu lokacin da aka kulle Legas a ranar 30 ga Maris 2020, alhali ni ina gida Kaduna a lokacin. Me kuka gani da idonku?

Maman Tagwaye, Mile 12:
Ɗana, bayan da Babban Bishop na Legas, Alfred Adewale Martins, ya dakatar da taron Misa, wato babbar sujadarmu ta coci, mun yi Ista ta ranar 12 ga Afrilu a gaban talabijin, a tashar Lumen Christi. Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne yadda mu matan zumunta muka riƙa yin Rosari, wato addu'ar carbi, da Hausa ta WhatsApp, kowace ta naɗi muryarta ta tura, domin tsofaffin da ba su jin Turanci. Maƙwabciyata, wadda ta daɗe ba ta zuwa coci, ta nan ta dawo.

Katikis, Idi-Araba:
Gaskiya ne, Mama. Mu garin rogo da shinkafa muka raba gida-gida, ba tare da tambayar addinin kowa ba, domin 'yan acaba da 'yan dako sun rasa abin yi.

Ɗan Zonkwa:
Na gode, Malam. Zan kuma nuna musu addu'ar da Fafaroma Francis ya yi a dandalin Bitrus Mai Tsarki da ke Vatican ranar 27 ga Maris, cikin ruwan sama, babu jama'a.