Neman shawara: wace gasar kacici-kacici ta tele ce gaba da saura?

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Tahoua, kuma ni aka damƙa wa ƙungiyar kacici-kacici ta ɗalibai. Cikin babban hutu muna so mu haɗa gasa tsakanin unguwanni, tun daga masu shirin BEPC har 'yan Bak. Shugaban makarantarmu ya ce kafin ya sa hannu sai mun kawo masa shirye-shiryen gasa na tele guda biyar da suka fi kowanne a duniya, daga na ɗaya zuwa na biyar, kowanne da dalilinsa, sannan mu ari tsarin na ɗayan.

A nan muka rabu da abokin aikina. Shi ya kafe a kan Qui veut gagner des millions, ni kuma raina yana kan Questions pour un champion. Ana cikin haka wani ɗalibi ya kawo mana jerin guda 60 da mujallar TV Guide ta Amurka ta fitar a 2013, inda ta ɗora Jeopardy! a sama, shirin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. To da wane mudu ake awon? Daɗewa ce, ko yawan kuɗi, ko yawan ƙasashen da suka kwaikwaya, ko ilimin da mai kallo yake samu? Abin da ke hannunmu aji ne da allo da alli da lasifika guda, kuɗin kyauta kuwa bai taka kara ya karya ba. Ku taimaka mana da shawara, Allah ya saka da alheri.

Tsohon malamin lissafi, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ga awon da zan ba ka: ka cire kuɗin kyauta, ka kashe fitilun ɗakin shirin, ka ɗauke kiɗan, sai ka duba abin da ya rage. Shirin da har yanzu yaro zai iya zama ya yi shi da ɗan'uwansa a tsakar gida, shi ne babba.

Da wannan awo, na ɗaya a wurina Des chiffres et des lettres ne. Armand Jammot ya fara shi a Faransa a 1965 da wasan haruffa kaɗai, a 1972 aka haɗa da lissafi, bai tsaya ba sai 2024. Ingila ta ara a 1982 ta sa masa suna Countdown. Ga yadda ɓangaren lissafin yake: a ba ka lambobi shida, a ba ka adadin da za ka kai, ka yi tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, ba ka taɓa lamba ɗaya sau biyu. Misali 100, 7, 25, 3, 9, 2, a ce ka kai 768. Ka ninka 100 sau 7, 700. Ka ninka 25 sau 3, 75. Ka haɗa, 775. Ka cire 2 daga 9, saura 7. Ka ɗebe, ga 768. Shekara da shekaru ina rufe darasin ranar Juma'a da wannan, kuma na ga yaran da ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba suna rige-rigen zuwa allo. Ba ya cin komai sai alli.

Mai shagon waya, Tahoua:

Baba, da girmanka, amma in an cire kuɗi an cire rabin daɗin. Ni ina bayan abokin aikin Malam. Who Wants to Be a Millionaire? ya fara a Ingila a 1998, Chris Tarrant yana gabatarwa, cikin 'yan shekaru ya karaɗe duniya. Faransa ta ɗauka a 2000 da Jean-Pierre Foucault, shi ne Qui veut gagner des millions ɗin. A shekarar nan Indiya ta ɗauka da Amitabh Bachchan, wanda ko tsoffinmu sun san fuskarsa. Najeriya ta bi a 2004 da Frank Edoho, har aka samu wanda ya cinye naira miliyan 10 a 2009. Lokacin da kyautar Faransa ta kai yuro miliyan guda, ku lissafa, kusan miliyan 656 ke nan na sefa.

Kuma ba kuɗin kaɗai ba. Tambaya 15, kowace da amsa huɗu, ga taimako uku: a goge maka amsa biyu, ka kira wani a waya, ko ka tambayi 'yan kallo. Mutum ya faɗi amsa, a yi shiru, a sake tambayarsa, maganarka ta ƙarshe ke nan? A fadarmu shayi yana kan wuta ya ƙone ba wanda ya kula. Wane shiri ne ke riƙe mutane haka?

Malama, mai koyar da Faransanci, Yamai:

Ƙanena mai shago, gaskiyarka kan riƙe zuciya, amma ka tuna Malam yara da yawa zai tara. A tsarin Millions mutum ɗaya ke kan kujera, saura duk kallo. In yaro ɗaya ya ci minti ashirin, yaushe za a zo kan na talatin?

Malam, ka tsaya kan Questions pour un champion, kuma ga hujjar da za ka kai wa shugabanku. An fara shi a 1988 a tasha ta uku ta Faransa, Julien Lepers ya riƙe shi har 2016, Samuel Étienne ya karɓa, mu kuma ta TV5 muka san shi. Abin da ya ɗaga shi sama da saura shi ne zagayensa uku, kowanne da irin basirar da yake gwadawa. A na farko mutum huɗu ke tsere, ukun da suka riga kai maki tara su wuce: wannan saurin hannu ne. A na biyu kowa ya zaɓi fanni, a ba shi daƙiƙa 40 ya kawo amsa huɗu a jere, in ya yi kuskure ko a ta huɗu ne ya koma sifili: wannan natsuwa ce. A na uku mutum biyu gaba da gaba, ana karanta bayani daga mai wuya zuwa mai sauƙi, maki yana sauka daga 4 zuwa 1, wanda ya gano da wuri ya fi samu.

Zagaye na ukun nan shi ne ya fi koyarwa, domin ko wanda bai san amsa ba, kafin a gama karatu ya ji abu huɗu ko biyar a kan mutum ɗaya ko gari ɗaya.

Sai jan hankali ɗaya, daga abin da na gani da idona. Duk gasar da aka ce wanda ya riga danna ƙararrawa shi ke magana, samari ke cinye ta. Akwai wata ɗalibata da nake ganin leɓɓanta suna faɗin amsa daidai tun kafin a gama tambaya, amma hannunta yana cikin hijabi, sai wani ya yi tsalle ya faɗi ba daidai ba. Ranar da na ce kowa ya rubuta a ƙaramin allo a ɗaga tare, ita ta zo ta ɗaya. Ka sa zagayen farko ya zama na rubutu.

Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni:

Barkanku da hira, iyayena. Bari in ɗan kare Jeopardy!, domin ba a banza Amurkawa suka ba shi na ɗaya ba. Merv Griffin ya ƙirƙiro shi a 1964, Alex Trebek ya gabatar daga 1984 har rasuwarsa a 2020. A can amsa ake ba ka, kai ka kawo tambayar. Allon yana da fanni shida, kowane fanni da tambaya biyar, ta ƙasa ta fi ta sama tsada da wuya, kuma in ka faɗi ba daidai ba a cire maka daidai abin da za ka samu. Saboda haka ba a harbi a duhu. Ken Jennings ya ci wasa 74 a jere a 2004, a 2011 kuma kwamfutar IBM mai suna Watson ta doke shi, ta doke Brad Rutter, wani gwarzon shirin.

Malam, ko ba ku ɗauki tsarinsa duka ba, allon nan mai gida talatin ana iya zana shi da alli cikin minti biyar. Yara su zaɓi fanni da nauyin tambaya da kansu.

Hajiya, Tahoua:

Ni fa ba wanda ya ambaci Fort Boyard, kuma shi ne kaɗai muke kallo da jikokina ba mai yin barci. Tun 1990 ake yin sa a wata tsohuwar ganuwa a tsakiyar teku a gaɓar Faransa, ana neman makullai ɗaki ɗaki, ga tsohon nan mai farin gemu, Père Fouras, da tambayoyinsa masu sarƙa. Na san ba za ku gina ganuwa a Tahoua ba, Malam, amma ku ba shi ko na biyar ne. Tambayoyin tsohon ai irin namu ne na dare, wanda in ka kasa sai ka ba da gari a faɗa maka amsa. Ku sa irinsu da Hausa, iyaye ma za su zo.

Malamin islamiyya, Yamai:

Allah ya yi albarka. Ni ba jeri zan kawo ba, abu biyu zan ce a kiyaye. Na farko, ku raba shirin ilimi da shirin sa'a. Irin À prendre ou à laisser, inda ake buɗe akwati kawai, ko wanda ake juya wata babbar taya a jira inda za ta tsaya, ko ya fi kowa 'yan kallo bai kamata ya shiga jerin makaranta ba. Kuma kada ku karɓi kuɗin shiga a hannun yara ku mayar da shi kyautar wanda ya ci, domin wannan ya kama hanyar caca. Ku nemi kyautar a wurin iyaye ko 'yan kasuwa, littafi ne ko ƙamus.

Na biyu amana. A Amurka cikin shekarun 1950 an gano ana ba wasu 'yan takara amsa a ɓoye a shirin Twenty-One, har Charles Van Doren, malamin jami'a, ya amsa laifinsa gaban kwamitin majalisa a 1959, daga baya aka yi doka a kan maguɗin irin wannan gasa. In manya masu ilimi sun faɗa, yaran unguwa fa? Wanda ya rubuta tambayoyi kada ya zama mai horar da wata ƙungiya. A rufe su cikin ambulan, a buɗe gaban jama'a.

Tsohon malamin lissafi, Yamai:

Malama ta rinjaye ni, na sauko da nawa zuwa na biyu. Amma ku ƙara Génies en herbe, wanda ya taso daga gidan tele na Kanada a farkon shekarun 1970 ya bazu a makarantun Afirka masu Faransanci, mutum huɗu huɗu. Tun da unguwanni za su kara, ƙungiya ta fi mutum ɗaya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin riƙewa. Mun zauna da abokin aikina mun karanta tare, ga abin da za mu kai: Questions pour un champion, sai Des chiffres et des lettres, sai Jeopardy!, sai Millions, sai Fort Boyard. Bai yarda da matsayi na huɗu ba har yanzu, ya ce shirin da ya shiga ƙasashe sama da ɗari ya wuce nan, kuma na rubuta hujjarsa a ƙasan takardar don shugaba ya gani. Mun ɗauki taimakon tambayar 'yan kallo daga nasa, sau ɗaya ga kowace ƙungiya. Génies en herbe ba mu sa shi a jeri ba saboda shi ne ƙashin bayan tsarin namu, huɗu huɗu, kowace ƙungiya da mata biyu.

Abin da ya rage mini tambayoyin ne. Na shirin Faransa rabi sarakunansu ne da kogunansu. Ga gwajin da na yi na zagaye na uku, ku duba mini: Ni ɗan wasa ne ɗan Nijar. Na je gasar Olamfik har sau uku. A 1972 a birnin Munich na ci lambar tagulla a dambe, wadda ita ce lamba ta farko da ƙasata ta samu. Wane ne ni? Amsa: Issaka Daboré.

Malama, mai koyar da Faransanci, Yamai:

Ta yi kyau, Malam, amma ta yi gajarta, kuma ka saki dambe da Munich a numfashi ɗaya. Ka raba su. Ka fara da zuwa Olamfik sau uku a maki 4, shekarar 1972 a maki 3, dambe a maki 2, sannan a maki 1 ka ce ƙasar ba ta sake samun lamba ba sai da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a Rio a 2016. Haka za ka yi wa Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899, da Kawusan da zagaye Agadas a 1916, da takobin kokawa na farko da aka yi a garinku a 1975 wanda Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Ka rubuta ashirin irin wannan ka turo mini kafin ƙarshen wata, ni da Baba za mu tace, shi kuma ya haɗa maka lambobin zagayen lissafi.