Neman shawara: bincike kan fataucin mutane a hanyar Agadez zuwa Libiya

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a Kano, ina digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa. An amince mini in rubuta kundina a kan yadda 'yan ci-rani ke faɗawa hannun masu fataucin mutane tsakanin Agadez a Nijar da Sabha a kudancin Libiya. Na karanta abin da IOM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a Afrilun 2017 kan cinikin mutane a Sabha, na kuma kalli bidiyon gwanjon da CNN ta nuna a Nuwamban shekarar, amma duk ji ne. Abin da ke raina shi ne in bi ta Daura in shiga Damagaram, in wuce Agadez, in kama wuri a gidan da ake tara matafiya kamar ni ma tafiyar zan yi, ko Dirku ce, garin da ke kan hanyar sahara zuwa Libiya, in kai in juyo. Malamina bai hana ba, bai kuma ce je ka ba. Me kuke gani? Sannan yaya zan raba wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa da wanda aka yi fataucinsa? A takarda a fili yake, a bakin mutane kuwa sai ya cakuɗe.

Wani dattijo mazaunin Agadez:

Wa alaikumus salam. Ɗana, cire maganar ɓad-da-kama daga ranka. Mai gidan matafiya ba yaro ba ne, tambaya biyu za ka yi ya gane kai ba matafiyi ba ne, kuma ba ɗalibi zai ɗauke ka ba, ɗan leƙen asiri zai ɗauke ka. Daga 2016, da aka fara aiki da dokar nan ta 2015 da Nijar ta yi don hana fasa-ƙwaurin 'yan ci-rani gadan-gadan, an ɗaure direbobi da yawa, an ƙwace musu Hilux. Gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar a Nuwamban 2023, motoci sun koma fita a fili ranar Litinin, amma tsoron mai yawan tambaya bai bar zukata ba. Dirku kuma ba bayan gari ba ce, ta haura kilomita 600, ba wurin da za ka ce na fasa a sauke ni.

Ga wani abu kuma. Ka sa lokacin dokar cikin bincikenka, don a lokacin ne direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingen jandarma, kuɗin mota ya hau, wanda guzurinsa bai kai ba ya shiga tafiya a kan bashi.

Wata lauya:

Ƙanena, Baba ya gama magana kan tafiyar. Tambayarka ta biyu zan taɓa. Yarjejeniyar Falamo ta 2000, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan fataucin mutane, ta ce kafin a kira abu fatauci sai abu uku sun haɗu: an ɗauki mutum ko an kai shi ko an ajiye shi, an yi hakan da yaudara ko tilas ko cin zarafin rauninsa, kuma manufar a ci da guminsa ko jikinsa. In yaro ne ƙasa da shekara 18, ba a ma neman na biyun, yardarsa ba ta da amfani. Fasa-ƙwauri kuwa ciniki ne, ka biya a tsallake da kai, an rabu. Don haka kar ka tambayi mutum ko an yi fataucinsa, zai ce maka da ƙafarsa ya tafi, kuma gaskiya ya faɗa. Tambaye shi wa ya biya motar farko, a ina kuɗinsa ya ƙare, wa ya riƙe wayarsa, ko yana iya fita ƙofa in ya ga dama, ya yi aiki an ba shi hakkinsa. Kai ne za ka yanke hukunci daga baya, ba shi ba.

Wani da ya dawo daga Libiya:

Hajiya ta taɓo wurin. Yallaɓai, bi kuɗin, nan maganar take. Ni na biya har Sabha tun daga Agadez, hannu da hannu. Da muka isa direban ya ce wa mai gidan ba a ba shi ko sisi ba a kanmu. Wa za ka kai wa ƙara? A take muka zama kayan mai gida, ya ce shi ya fanshe mu, sai mu biya shi. Gidan bashi ke nan. Su miƙa maka waya ka kira gida, kana cikin magana a sauke maka tiyo a baya don mahaifiyarka ta ji kukanka. Wanda 'yan'uwansa suka turo ya fita, wanda ba shi da kowa a tura shi gona ko wurin gini, a ce yana rage bashi, bashin kuma ba ya raguwa. Mai tsaron ƙofarmu ba Balarabe ba ne, baƙar fata ne irinmu, shi ma da bashin ya fara. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba.

Ba sai ka je sahara ba. Muna nan birjik a Kano, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ma a Kano take karɓar wasu da IOM ke maidowa daga Agadez. Sai dai kar ka zo mini da takardar nan ta a zaɓi e ko a'a. Zauna mu sha shayi, sai zuwa na biyu ko na uku za ka ji abin da ya faru.

Wata ma'aikaciyar jinƙai daga Damagaram:

Duk kun karkata Libiya, kun bar reshen Aljeriya, alhali nan ne Hausawa suka fi yawa. Ka tuna Oktoban 2013: gawa 92 aka tsinta arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace, 52 yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance. Bara za su je yi. Har gobe ana tafiya, wata ta ari 'ya'yan maƙwabta a kan za a raba abin da aka samo. Uwar yaron ta yarda, mai ɗaukarsa ƙanwar babansa ce, kowa a garin ya sani. To a wane layi za ka sa wannan? Dokar da Hajiya ta kawo ta riga ta yanke, amma je ka faɗi haka a Matamai, a yankin na Kance, ka ga idon da za a yi maka. In kuma hukumomin Aljeriya sun kamo su, a sauke su kan iyaka su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka, garin Nijar da ke bakin iyakar.

Sannan, Malam, kai namiji ne. Macen da aka tsare a gidan karuwai a Libiya ba za ta buɗe maka baki ba. Nemi mace mai horo ta yi wannan hirar, kuma ku tanadi inda za ku tura wadda ciwonta ya taso.

Wani malamin jami'a:

Ban yarda a ce kar ya taka Agadez sam ba. Wanda bai ji bakin direbobi da 'yan kamasho ba zai rubuta su duka a matsayin azzalumai, alhali da yawansu sufuri kawai suke yi, sana'ar da garin ya daɗe yana ci da ita. Ya je, amma da sunansa, da takardar jami'a, da izinin bincike daga hukumomin Nijar, ya kuma tsaya cikin gari. Kafin nan ya kai wasiƙa ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, da ke Kano, ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarsu.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, na ajiye maganar ɓad-da-kama. Saura ɗaya: in naɗi murya? Kuma in ba wanda na yi hira da shi wani abu?

Lauyar:

Naɗi sai da izininsa, ba suna, ba unguwa, ka kwashe daga wayar a ranar. Wasu har yanzu ana bin iyayensu kuɗi, kuma wanda ya haɗa su da tafiyar yana nan a layinsu. Kuɗin mota da abinci ka ba kowa daidai, ka faɗa tun farko cewa ba ka da jarin da za ka raba.

Wanda ya dawo:

Kuma kar ka yi hirar a ƙofar gidansu. Akwai waɗanda har yau iyalinsu sun ɗauka aikin gini kawai suka yi a can.