Don Allah a ba ni shawara: mura ta ƙi barin yarona

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haifi Abba a 2020, daidai lokacin da aka kulle Kano saboda korona, ko taron suna ba a yi ba, uwar mijina har yau tana mita. Sai da ya shekara biyu ko tari bai yi ba, don ba ma fita, duk wanda ya shigo sai ya wanke hannu. To tun da na sa shi nazire majina ba ta tsayawa, ga hunturu, yanzu kuma ƙanwarsa mai wata biyar ta kama, ƙirjinta na ƙara. Hajiya ta ce ni na lalata shi da ɓoyo. In cire shi daga makarantar ne, ko in sa masa takunkumi?

Anti Nas: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ki saurare ni. Ba ke kaɗai ba ce. Kulle da wanke hannu sun danne mura da ƙwayar RSV (mai kawo ciwon numfashi ga ƙananan yara) a 2020, da aka buɗe suka dawo da ƙarfi, a Ingila har a lokacin zafi aka riƙa kwantar da yara a asibiti a 2021. Abin da Abba bai haɗu da shi yana jariri ba ne yake haɗuwa da shi yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ba ta ce a sa wa ɗan ƙasa da shekara 5 takunkumi ba. Jaririyar ce abin dubawa: ki ƙirga numfashinta, in ya kai 50 a minti ɗaya ko ƙasan ƙirjinta na lotsawa, asibiti yau.

Ummu Salma: Ki je kemis ki karɓo amozilin kawai. Mu da ajin 'ya'yanmu ko taga babu, ga kuɗin makaranta an ƙara, wa za mu gaya wa?

Anti Nas: Amozilin ba ya taɓa mura, a daina ɗura wa yara ba likita! Maman Abba, kin kammala wa jaririyar rigakafi? Kuma kina turaren wuta a ɗaki?

Maman Abba: Anti, turaren nan tun ina amarya nake yi bai taɓa yi mana komai ba. Kuma da ban ɓoye shi ba da korona ta kama shi fa?

Kakar Yara: Zuma da man zafi, 'yata. Mu da haka muka raine ku.

Anti Nas: Mama, ban da zuma ga wanda bai shekara ba. Maman Abba, kin ƙirga numfashin?

Maman Abba: Tana barci. Ni dai batun makarantar nake tambaya, babansu ya riga ya biya kuɗin zango.