Neman kalma: me za mu kira "digital literacy" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ana shirin yi wa matan ƙauyukan Wurno da Kware bita a kan sarrafa waya, sai sanarwar da za a kai gidan rediyo ta cije a kan wannan kalma. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, na cewa tana son kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya su samu abin nan da 2027. To ai sai a raɗa masa suna kafin a fara ƙirga masu shi.

Abin da muka saba ji a labarai shi ne "ilimin fasahar zamani". Ni dai bai kwanta mini ba. Injin markaɗe ma fasahar zamani ne, haka famfon sola. Je ka gaya wa Inna mai man gyaɗa a Acida ta zo ta koyi ilimin fasahar zamani, za ta ce maka wanga na 'yan boko na, ta turo jikanyarta.

"Ilimin kwamfuta" kuwa, ina kwamfutar?

Wani malamin makaranta ya kawo "yaƙi da jahilcin zamani", yana jingina shi da Yaƙi da Jahilci na gwamnatin Arewa a shekarun 1950. Malam, hujjarka da ƙarfinta, domin tsofaffi sun san sunan. Amma a Sakkwato? Garin da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, tana naɗa jaji (malamar da ke jagorantarsu) da malfa ta tura ta ƙauyuka da waƙoƙin ilimi? Matar da ta sauke Alƙur'ani, take karanta ajami, take riƙe lissafin adashin unguwa guda a ka, ka kira ta jahila don ba ta san inda ake latsawa ba, ranar bitar tabarmi kaɗai za ka tarar.

Mu dubi abin da ake nufi tukuna. Ranar kasuwa, a gaban mai POS, mace za ta kwance bakin zane, ta fiddo katin banki tare da 'yar takarda mai lambar sirri, ta miƙa duka biyun. Wata ko takardar babu, da ƙarfi take faɗin lambobin, na bayanta suna ji. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har cinikin ƙuli-ƙuli da daddawa ya fara shiga tiransifa, kuma mai kayan ba ta rarrabe alat na gaskiya da na bogi sai yaro ya dawo daga makaranta ya duba mata, lokacin mai saye ya daɗe da ƙetare gari. Ga masu bugowa su ce daga banki ne, a karanto musu BVN. Ga layin da aka yi rajistarsa da NIN ɗin miji ko na ƙane, ranar da ya ɓata sai an jira mai sunan ya dawo daga cin rani. Wadda za ta iya duk wannan da hannunta, ta kuma aika saƙon murya Illela ta ji farashin albasa kafin ta sallama wa dillali tata, ita ce ake wa suna.

Kuma matan sun riga mu. "Wance ta iya waya." "Ni ban iya waya ba, bari ɗiyata ta zaka." Haka suke faɗi kullum.

Don haka shawarata: iya waya. Ya bi sahun iya ɗinki da iya girki da iya ruwa, abin da ake koya da hannu ba da allo kaɗai ba. Yana kuma juyuwa ba wahala: mai iya waya, rashin iya waya, ajin iya waya.

Suka biyu ta zo mini. Wata ɗaliba a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta ce kalmar ta yi ƙunci, ta bar yarinyar da za ta zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta. Gaskiyarki, 'yar'uwa. A takardun ofis da manhajar makaranta sai a rubuta iya na'ura, ya haɗa su duka.

Ta biyun ta fi nauyi, daga wata ungozoma. Ta ce a wasu gidaje "ta iya waya" zargi ne ba yabo ba, ana nufin mai yawan hira da danne-danne, kuma maigidan da ya ji haka a rediyo ba zai bari a fita ba. Hajiya, wannan kam ba a musa shi. Shi ya sa a sanarwa za mu ɗaure shi da sana'a: "Ana gayyatar mata ajin iya waya don sana'a da tsare kuɗi, ranar Asabar bayan la'asar, mace ce za ta koyar."

Saura sunan mai koyarwar. An ce a kira ta jajin waya, wasu kuma sun ce jaji muƙamin karantar da addini ne, kada a ja shi kasuwa. Malamanmu na Cibiyar Nazarin Hausa, wannan taku ce, kafin a kai takardar rediyo ranar Alhamis.