Kati na cikin na'ura, amma LPAR ba ta ganinsa: wa ya taɓa cin karo da haka?

Abu Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kula da manyan kwamfutocin IBM Z. An sa mana sabon katin Crypto Express, mai aikin ɓoye bayanai, a na'urarmu samfurin z15, injiniya ya ce lafiyarsa ƙalau. Na buga umarnin nuna katuna, D ICSF,CARDS, a z/OS, babbar manhajar da ke gudana a LPAR ɗinmu (sashen da aka ware daga na'urar), ko alamarsa babu. A taimaka.

Malam Garba: Wa'alaikumus salam. Leƙa shafin Crypto na tsarin sashen a HMC, kwamfutar da ake sarrafa na'urar da ita. Jeri biyu ne, Candidate da Online. Na farko izini ne kawai, wato sashen na iya amfani da katin. Na biyu ne ke kunna shi lokacin tayar da sashen. A wurinmu an taɓa sa kati a na farko kaɗai, ya zauna jiran tsammani sai da muka kunna shi da hannu ta Configure On/Off.

Maman Ilham: Malam, namu ya fi wannan zafi. Wani abokin aiki ya ƙara kati da Change LPAR Cryptographic Controls sashen na gudana, komai ya tafi daidai. Ashe a kan mai gudana kawai ya zartar, bai adana a tsarin tayarwa ba. Aka manta. Ranar da aka kashe sashen da tsakar dare don gyara, aka tayar, sai ga shi da tsohon tsari. Duk aikin tantance lambar sirrin katin ATM ya tsaya cak, waya ta hau ruri, shayinmu ya huce a kofi ba wanda ya kurɓa. Yanzu dokarmu ce: sauyin da ba a adana ba, ba a rufe takardarsa.

Abu Sadik: Malam Garba, ka canka. Na kunna, ya fito, amma ICSF, manhajar z/OS mai kula da katin, ta ƙi sa shi aiki.

Malam Garba: Dole ta ƙi. Babban makulli na kowane domen (rabon kati da ake ba sashe) a kan kowane kati yake, sabon kati kuwa wayam yake zuwa. Sai shaidar makullin ta dace da ta CKDS, ma'ajiyar makullan ICSF. Ku tara masu riƙe da ɓangarorin makulli, ku loda ta TKE, kwamfutar musamman ta loda makulli. Ka tabbata sashen da TKE ke bi yana da wannan domen a jerin domen na iko (Control), ba lallai a na amfani (Usage) ba.

Danlami: Mu a gwajin wurin ko-ta-kwana, sashe ya ƙi tashi gaba ɗaya, saboda wani sashen gwaji na riƙe da kati da domen na amfani ɗin da namu ke buƙata. Sassa biyu masu rai ba sa tarayya a wannan haɗin. Kafin samfurin z13 domen 16 ne a kowane kati, ana ta 'yan dabaru. Tun z13 manyan na'urori na da 85, don haka cin karo yanzu sakaci ne kawai.

Maman Ilham: Masu Linux, umarnin lszcrypt ke nuna abin da sashen ke gani. Amma chzcrypt -d a cikin Linux ɗin kaɗai yake dakatar da katin, bai sake shi ga wani sashe ba.

Malam Garba: In cire kati za ka yi, kashe shi tukuna, sannan ka fitar da shi daga Candidate. Za a nuna maka zaɓin goge makullan domen. Kada ka danna sai ka tabbata masu makulli na da abin da za su mayar.