Me ya sa kyamara ke kauce wa makaɗi a daidai lokacin da ya kamata a gan shi?

Malamin Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum. Tambayata ta shafi masu sha'awar waƙoƙin karkarar Amurka, waɗanda muka fi sani da kwantiri, musamman masu bin wasannin da ake nunawa kai tsaye a talabijin. Na tashi a gidan da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake ajiye kaset-kaset na Jim Reeves da Don Williams a kwali ɗaya da na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, saboda haka kunnena ya saba da wannan kiɗa tun ban san kalma ɗaya ta Turanci ba. Na shafe shekaru ina jin sa ba tare da na ga yadda ake kaɗa shi ba, sai da tashoshin tauraron ɗan Adam da intanet suka shigo gidajenmu.

Abin da yake damuna shi ne, a kusan kowace waƙa akwai wurin da mawaƙi yakan ja da baya ya bar wa makaɗi fili, ko mai goge, ko mai banjo, ko kuma mai jitar nan da ake shimfiɗewa kamar ƙaramin tebur, wadda ake goga wa guntun ƙarfe da hannun hagu, ana tsinkar tsirkiyarta da na dama, ƙafafu da gwiwoyi kuma suna danna wasu madannai da ke sauya amon. Mutum ɗaya yana aiki da gaɓoɓinsa duka, kuma wannan sauti mai kama da kuka shi ne gishirin kwantiri. To amma a daidai wannan wuri ne kyamara take juyawa ta nuna 'yan kallo suna ɗaga wayoyi, ko wani fitaccen mutum yana murmushi a sahun gaba, ko ta yi shawagi a saman zaure. Kafin ta dawo makaɗin ya gama. Ƙarfe 7 na yamma a Nashville, birnin Amurka da yake cibiyar kiɗan kwantiri, ƙarfe 1 ne ko 2 na dare a nan Gombe, gwargwadon lokacin shekara, don haka wanda ya hana idonsa barci ya kuma zuba data domin ya gani da idonsa yana da hakkin ya tambaya. Shin rashin sanin darajar makaɗi ne, ko akwai wani dalili na aiki da ban sani ba?

Tsohon mai kyamara, Wunti, Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina riƙe kyamara a wata tasha, kuma ko da yake ban taɓa ɗaukar wasan kwantiri ba, na ɗauki bukukuwan makaɗan gida da hawan sallah, tsarin aikin kuwa ɗaya ne. Mai kyamara ba shi ne yake zaɓen abin da kuke gani ba. Akwai darakta da ke zaune a wani ɗaki ko a cikin motar watsa shiri, gabansa allunan kyamarori da yawa, yana magana a kunnen kowannenmu yana cewa a ɗauki wannan a saki wancan. Sau da yawa akwai kyamarar da take kan hannun makaɗin tun farkon waƙa har ƙarshe, amma ba a aika hotonta gidajen mutane ba. Idan daraktan bai zauna ya saurari gwajin da aka yi da rana ba, bai san a wace daƙiƙa mai goge zai karɓa ba, sai ya ji amon ya sauya sannan ya fara neman kyamarar da ta dace, kuma kafin ya same ta an wuce wurin. Hoton 'yan kallo shi ne mafakarsa, domin da shi ake rufe giɓi yayin da wata kyamara take sauya wuri ko take daidaita hoto.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Tashar da take rayuwa da talla tana tsoron mai kallo ya sauya tasha, saboda haka ba ta son hoto ɗaya ya daɗe. Bikin waƙoƙin kwantiri na CMA Fest da ake yi a Nashville kowane watan Yuni kwana huɗu ne, amma abin da ake haɗawa a nuna daga baya bai wuce kimanin awa uku ba, har da tallace-tallace a ciki. Shi kansa Grand Ole Opry, wasan kwantiri na mako-mako da ake yi a Nashville, wanda ya fara a gidan rediyon WSM a 1925, a mafi yawan lokuta kimanin awa ɗaya ake ɗiba wa talabijin daga shirin daren Asabar. Idan kana son ganin bambanci, nemi shirin Austin City Limits na jihar Texas, wanda aka fara ɗauka da Willie Nelson a 1974. Tashar jama'a ce take nuna shi, ba a katse waƙa domin talla, mawaƙi ɗaya ko biyu ne suke cinye awar, kuma za ka ga kyamara tana zama a kan yatsun makaɗi har ya kai aya.

Uwar yara, Bolari, Gombe:

Malam, na fahimci kokenka, amma ban goyi bayanka gaba ɗaya ba. Ni fuskokin 'yan kallo suna cikin abin da nake nema. Waƙoƙin kwantiri labarai ne na talauci da aure da rabuwa da kewar gida da tsoron Allah, kuma lokacin da na ga wata tsohuwa a cikin zaure tana bin baitin da baki tana share hawaye, nakan gane nauyin waƙar fiye da yadda Turancina zai kai ni. A wurinmu ma haka abin yake, domin wasan Shata da aka ɗauka ba tare da 'yan amshi da masu liƙi da guɗar mata ba ai ya rasa rabinsa.

Ka tuna shekarar 2020, lokacin annobar korona, da aka ci gaba da gabatar da Opry daren Asabar a zauren da ke ɗaukar mutum sama da 4,000 ba kowa a kujerun, tun daga watan Maris har zuwa Oktoba. Na kalli da yawa daga cikinsu. Kiɗan ya fito tsaf, amma duk sanda waƙa ta ƙare sai shiru ya biyo baya, kuma wannan shirun yakan sa zuciyata ta yi nauyi. Ni kokena daban ne. Ina son a riƙa rubuta baitocin a ƙasan allo, saboda lafazin mutanen Tennessee da Texas ba irin Turancin da muka koya a makaranta ba ne, kuma ina son masu gabatarwa su rage surutu a kan gabatarwar kiɗan. Haka nan sautin tafi da ake ɗagawa har ya danne ƙarshen waƙa ba ya yi mini daɗi ko kaɗan.

Dattijon Fadaman Mada, Bauchi:

'Ya'yana, mu a rediyo muka san wannan kiɗa, a shirye-shiryen zaɓi sonka na Turanci, kuma Jim Reeves ya rasu a haɗarin jirgin sama tun 1964, kafin yawancinmu mu ga ko hotonsa. Abin da zan ƙara shi ne ku nemi wasan da Don Williams ya yi a Harare ta ƙasar Zimbabuwe a 1997, wanda aka ɗauka a faifan bidiyo. Mutumin ba ya rawa, ba ya tsalle, hularsa a kansa, jitarsa a hannu, kuma masu ɗaukar sun fahimci cewa natsuwarsa ita ce abin kallon. Sun nuna jama'a ma, amma a inda jama'ar suka karɓi waƙar suna rerawa tare da shi. Wannan shi ne ladabin da nake ganin ya yi ƙaranci a bukukuwan ba da lambobin yabo na yanzu, inda hayaƙi da walƙiyar fitilu sukan rufe makaɗa har ba ka iya tantance ko da gaske suke kaɗawa.

Malamin Jekadafari, Gombe:

Na gode muku duka. Yaya na Wunti, bayaninka ya warware mini abin da na daɗe ina ɗora wa mai kyamara alhali ba laifinsa ba ne, kuma daren jiya na nemi shirin Texas da ka ambata na kalli guda biyu. A ɗaya daga cikinsu na ga gwiwar mai jitar shimfiɗe tana tura madanni a daidai lokacin da amon ya lanƙwasa, abin da na shekara fiye da talatin ina ji ban san daga ina yake fitowa ba.

Hajiya, na karɓi maganarki a kan tsohuwar da ke share hawaye, sai dai ni wasannin 2020 ɗin nan su ne mafi soyuwa a gare ni cikin duk abin da na kalla, domin rashin 'yan kallo ya tilasta wa darakta ya tsaya a kan masu aikin. Abin da Baba ya faɗa shi ne nake roƙo: a nuna jama'a lokacin da su ne suke waƙar, a nuna makaɗi lokacin da aka bar masa fili. Yaya, ina da ƙarin tambaya gare ka. A wasannin gida da ka ɗauka, ka taɓa ganin daraktan da ya zauna da mai kalangu ko mai kuntigi kafin a fara, ya tambaye shi wuraren da yake son a nuna hannunsa?